Kafin Ta Dawo

Tun da hantsi Darsih mai shayi take satar kallon wata mata da ke zaune a bencin tashar jirgin ƙasa ta garin Purwokerto, a ƙasar Indonesiya. Ba za ta wuce shekara ashirin da uku ba. An yi mata askin maza, irin wanda kamfanonin kai 'yan aiki Singapore suke yi wa kowace sabuwa, hannunta kuwa sai komawa ƙeya yake yi yana laluben gashin da babu. Gaban rigarta ya jiƙe wuri biyu, tana karewa da littafin koyon Turanci. Mai shayarwa ce, amma babu jariri.

Leɓɓanta na motsi, tana haddar darasin faɗin abin da bai zo ba tukuna. Darsih ta yi shekara tara tana aikatau a Singapore, saboda haka tana jin komai.

"Baɗi war haka ina renon ɗan uwar ɗakina," in ji matar da Turanci.

Darsih ta miƙa mata shayi. "Sha, 'yar nan, kada Turanci ya shaƙe ki. Naki watansa nawa?"

"Biyar, Iya. Yana wurin ƙanwata. Malama ta ce kowa ta ƙirƙiro misalinta, ga nawa: kafin in dawo, ya riga ya iya cewa Mama. Na yi daidai?"

"Kin yi daidai," in ji Darsih, ta koma kan tukunyarta.

Ɗan Darsih ma ya iya tun ba ta dawo ba. Har yau wata matar yake kira haka.