Gwiwar da Inna ta lanƙwasa da gaisuwa

Shekarun baya can, tun unguwarmu ta Zongo tana nan ba a rushe mana ita ba, ina aikin kashe gobara da ceto, wato pompiye. Wata rana da damina aka kira mu ramin dutsen Pissy, wata mai fasa dutse ta zame ta faɗa ciki. Na goyo ta na fito da ita lafiya, amma a hawan ƙarshe ƙafata ta goce, gwiwar dama ta ce ƙaras. Ƙarshenta sai da aka yi mini fiɗa.

Likita ya faɗa mini gaskiya: in gwiwar ba ta koma lanƙwasawa ba, na yi sallama da jar motar kashe gobara, sai dai a ajiye ni a biro, wato ofis, ina amsa talho. Ni kuwa wannan aikin shi ne rayuwata, har hawaye na yi a ɓoye.

Mahaifiyata dai ko a jikinta, don dama ba ta taɓa son aikin ba. Ta shimfiɗe ni a ɗaki kamar mai jego, ga kunun kanwa, ga gashi da ruwan zafi. 'Yan dubiya kuwa kowa ya shigo sai ya ce, "Kar ka motsa ta, bar ta ta huta." Na bar ta ta huta har ta sandare kamar taɓarya, ga zugi ba dare ba rana.

Sai aka haɗa ni da mai gyaran gaɓoɓi ta asibiti, wadda muke kira kine. Wata 'yar siririyar Bamosa ce, da ɗan babur ɗinta mobilet take zuwa har gida. Da na gan ta na raina ta. Tana kama ƙafar nan ta tura, ni da nake shiga wuta ban ƙifta ba na kwarma ihu har awakin maƙwabta suka amsa.

Inna ta faɗo ɗakin da muciya a hannu. "Ke 'yar nan, kashe mini shi za ki yi?"

"Maman, ciwon nan zama ne ke ƙara shi," in ji kine da Hausarta mai tsami. "In bai motsa ba, ba aiki kaɗai zai rasa ba. Sallah ma a kan kujera zai riƙa yi, ga sanda tun da ƙuruciya. Bilfu-bilfu za mu bi, kaɗan-kaɗan."

Inna ta raka ta har ƙofa, na ji suna ƙus-ƙus.

Washegari na dogara sanda na je gaishe ta. Na ce, "Inna, ina kwana?" Ta ci gaba da jan carbinta kamar bango ne ya yi magana. Na sake, shiru. Can ta ce, "Tun da na haife ka ba ka taɓa gaishe ni a tsaye ba. Ko fiɗar har da ladabin aka yanke?"

A gidanmu ba a gaida babba kanka na sama da nasa. Ranar a bakin gadonta mai tsawo take zaune, don haka ɗan rusunawa kaɗai na yi, ina cije leɓe, ta amsa. Bayan 'yan kwanaki na tarar ta koma kan kujerar roba. Daga nan sai turmi a kife, sai 'yar kujerar tsakar gida. Kine tana murza gwiwar da rana, Inna tana jirana da safe.

Kuma ba gaisuwar kirki take yi ba, jan ta take yi da gangan. "Ina gajiya? Ya jiki? Ya ajudan ɗinku, shugaban naku? Ya iyalinsa? Matar nan ta Pissy fa, ta warke? 'Ya'yanta fa?" Ni ina rawar ƙafa, gumi na tsiyaya, ina "Lafiya lau, Inna" kamar mai neman gafara. Ƙannena mata suna laɓe a bayan labule suna shan dariya. Abin mamaki, zugin ya fara ja da baya, har barci nake yi mai daɗi.

Wata rana na fito na gan ta zaune a tabarma, ƙasa ƙwarai. Na jingine sanda, na yi bisimilla, na sauka a hankali har na tsuguna sosai, ɗuwawu a kan dunduniya. Gidan ya kaure da guɗa. Inna ba ta tambayi lafiyar kowa ba ranar. Ta dafa kaina, idonta ya ciko, ta ce, "Tashi, je ka kashe musu wutar. Allah ya tsare."

Sai daga baya na fahimci abin da ta yi. Ta fi kowa son in zauna a biro inda ba hayaƙi, kuma ta san duk taƙin da na sauka yana mayar da ni bakin wuta. Duk da haka ta yi ta sauko da mazauninta. Na koma jar mota, na yi shekaru ina aiki har na yi ritaya.

Yau ta tsufa tukuf, ni ma furfura ta cika mini gemu. Amma duk safiyar da na tsuguna gabanta, sai ta saurara ko gwiwar za ta yi ƙara, sannan ta yi murmushi ta ce, "Ya ajudan ɗinku?"