Tabon Ruwa a Hoton Alhaji Bukar

A duk shekarun da na yi ina aikin firam a wani shagon hoto a Haɗeja, ranar da Hajara ta shigo da hoton babanta ce ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan baya, ku ba ni kunnenku.

Ƙa'idarmu, idan aka kawo tsohon hoto, sai a ɗauke shi a kwamfuta, a goge tabo, a haska fuska, a buga sabo. Tsohon kuma a datse gefensa, a liƙe shi cikin leda da inji mai zafi. Mun sha ɗora wa mutum hular da bai taɓa saya ba. Abin da aka liƙe kuwa ya liƙu ke nan.

Na Hajara ba hoton kyamara ba ne. Zane ne baƙi da fari a takarda mai kauri: manoma ba takalmi sun sunkuya cikin masara, wani a kan doki yana kallonsu. A ƙasa akwai lamba da sa hannu da fensir. Ambaliya ta shiga gidansu a Auyo, ta bar jan tabo har gwiwar manoman.

"Malam Sani, Baba bai san na ɗauko ba," in ji ta. "So nake ya gan shi fes."

Maigidana, Oga Ɗanladi, ya leƙo. "Datse ƙasan nan ka liƙe. A sabon ka sa musu takalmi."

Ni dai an san ni da nawa. Na ce, "Oga, akwai rubutu a inda za a datse. A tambayi mai shi mana."

Ya yi tsaki. "Kai da hawainiya uwarku ɗaya."

Duk da haka ya bari. Hajara ta koma ta faɗa wa babanta, Alhaji Bukar, washegari aka kawo shi a bayan babur. Tsohon malamin gona ne, wanda aka taɓa tura shi ƙasar Meziko koyon noman alkama yana saurayi. Ya ce a can akwai masu zanen da suke cika bangon manyan gine-gine da wahalar talakawa, don mai mulki ya gani kullum. Wasunsu sukan sassaƙa zane a katako, su buga kaɗan a takarda, kowanne da lambarsa. Nasa ɗaya ne daga ciki, kuma da mun datse, da ya zama takardar ƙosai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to tabon fa? Ko a kwamfuta mu cire?"

Ya daɗe yana kallon hoton. "Tun da na kawo su nake musu kallon baƙi, ɗana. Bana ruwan da ya ci shinkafata ya kai musu gwiwa, kamar yadda ya kai mini. Bar su haka. Yanzu mutanen Auyo ne."

Hajara ta sunkuyar da kai. Na sa hoton a gilashi yadda yake, ko gam ban shafa ba.

Sana'armu ta saba mana da ganin kowane tabo a matsayin aibi, shi ya sa hannunmu yake rigan tunaninmu. Tun daga ranar, kafin in goge komai a hoton mutum, sai na tambaye shi yadda aka yi abin ya hau.