Zomayen da Na Kushe Ban Kalla Ba

Na yi shekara huɗu ina samun minti goma duk ranar Asabar a wani gidan rediyo, ina sharhi kan abin da yara ke kallo. Ni malamar firamare ce a Gwale, kuma ina da baki, wannan kowa ya sani. Shi ya sa ma aka ba ni filin.

A lokacin ne aka fito da kashi na uku na wani katun na zomaye masu tuƙa jirgin ruwa. Zomayen nan sun ishe ni. Suna jikin jakar makaranta, suna jikin robar ruwa, ko ledar biskit ba su bari ba. Da masu fassara suka mayar da fim ɗin Hausa aka fara tura shi a waya, sai ajina ya zama ba a zancen komai sai nasu. Makon ya zo mini da makin jarrabawa, ban samu na zauna na kalla ba. Na buɗe waya na karanta abin da masu sharhi na waje suka rubuta, duk sun yi masa kaca-kaca. Na kwasa na juye a rediyo kamar da idona na gani. Na ce talla ce aka ja ta har awa ɗaya da rabi, kuma duk yaron da ya so shi wayo aka yi masa.

'Yata ta biyu, mai shekara tara, ita ce ta fi kowa son zomayen a ajinsu. Ranar Litinin ƙawayenta suka tare ta, wai ga wadda aka yi wa wayo, uwarta ma ta faɗa. Daga ranar ta ɗauke mini wuta. Tana gaishe ni, tana zuwa aike, amma hirar da take cika mini kunne da ita in ta dawo daga makaranta ta mutu. Abin ya yi mini ciwo sosai, kuma na san ni na jawo.

Ranar Juma'a na je gaida mahaifiyata a Shahuci. Ɗinkin hula take yi tun kafin a haife ni, kuma jikokinta sun riga sun sa ta kalli fim ɗin har sau biyu. Ko allurar ba ta ajiye ba ta ce, "Na ji ki a rediyo. Kin kalla?"

Na ce, "Hajiya, ai irin waɗannan an san su."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta ɗauki wata hula ta juya cikinta waje ta nuna mini. "In an kawo mini aikin wata a ce in duba, ba na cewa komai sai na juya na ga yadda aka bi zare. Ko da mai ɗinkin ba ma shiri da ita."

A ɗakinta na kalli fim ɗin bayan la'asar, da biro da takarda, daga farko har ƙarshe. Tallar tana nan daram: sabon jirgi ya faɗo cikin labarin ba dalili, don dai a sayar da irinsa na roba. Amma akwai ƙaramin zomon da ke tsoron ruwa yana ɓoye wa yayyensa, kuma mai fassarar ya ba shi murya mai rawa. Nan na ajiye biron. 'Yata haka muryarta take yi in an ce ta tashi ta yi karatu a gaban aji.

Washegari na gaya wa mai shirya shirin cewa zan koma kan zomaye, kuma zan faɗi abin da na yi. Ya ce, "Malama, wa ya sani? Ɗauko wani batun kawai, kada ki zubar da girmanki."

Na ce masa ko dai in faɗa, ko ya nemi wata ta riƙe filin. Ya duba agogo, ya ga saura minti biyar, ya buɗe mini ƙofa.

Na faɗa a fili cewa makon jiya na yi sharhin abin da ban kalla ba, kuma yaran da suka so shi ba wayo aka yi musu ba, sun ga abin da ban gani ba ne. Tallar kuwa ban janye ba, na sake caccakar ta, wannan karon da hujjata.

Da na dawo gida 'yar tawa tana tsakar gida tana wanke safarta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Umma, har yanzu ba kya son shi?"

Na ce, "Rabi nake so."

Ta yarfe kumfar hannunta, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabana. "Wane rabin? Don in jirgin ne, ba ki gane ba. Bari in yi miki bayani."