Tafiyar Inna, Ba Biki Ba Mutuwa

Har gobe in dangi suka taru a gidanmu da sallah sai wani ya tono labarin nan, kuma duk a karkace suke ba da shi. Wai Baba da Inna sun kulle gida sun tafi yawo, sun bar 'yar autarsu tana kuka a bakin ƙofa kamar marainiya. To ni ce autar, ni na yi kukan, kuma na gaji. Ba wanda ya yar da ni. Abin da aka yi wa mahaifiyata bayan nan shi ne abin kunyar, shi kuwa ba mai faɗa.

Ina aji shida na firamare a cikin garin Birnin Gwari, an gama cire masara, dawa ta fara nuna a gona, sai makarantarmu ta shirya kai mu Kaduna mu ga gidan tarihi da tashar jirgin ƙasa. A wata makaranta za a sauke mu har ƙarshen mako. Ranar tafiya Inna ta ɗaure mini dambu da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai, ta rako ni har bakin mota tana ta nanata kada in leƙa da kaina ta taga. Mu kuwa ina muka ji, waƙa muke ta rerawa muna ɗaga wa masu rakiya hannu.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin, tun da aka kawo Inna gidan nan ba ta taɓa wayar gari babu yaro a gabanta ba. Yayyena duk sun yi aure, ni kaɗai na rage. Matar nan kafin rana ta fito ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta ba awaki dusa, ta ɗora koko. Da hantsi surfe, da azahar ta kai wa Baba abinci gona, da yamma ta kirɓa furar sayarwa, ni ina gefe ina carafke da duwatsu ina jiran a ce in miƙo muciya. Bafillatana ce, a ruga aka haife ta, cikin dajin da ke bayan Kusasu, kuma yayarta tana can da shanunsu. Ba nisa ne da wurin ba, amma rabonta da shi tun ina goye. Da Baba ya ga na tafi, gidan ba yaro, sai ya ce ta ɗauko mayafinta. Suka bar wa maƙwabciyarmu awaki da ɗan makulli, ya goya ta a babur suka shiga daji.

Mu kuma can Kaduna sai aka tarar babu ruwa a masaukin, malamai suka ce ba za su zauna da yara a haka ba, aka juyo da mu kafin lokaci. Da la'asar na iso na ga kwaɗo a ƙofa. Na yi amai a mota, yunwa na ci na, maƙwabciyar ta tafi kasuwa, sai na zauna a dakali na fashe da kuka. Wane yaro ne ba zai yi ba? A haka Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta same ni. Gidanta yana bayan namu, amma sai da ta ja hannuna ta zaga da ni unguwa kaf, gida-gida, tana cewa, "Ku zo ku gani, jama'a, 'yar mutane a titi!" Ni da nake neman tuwo, aka mai da ni abin nuni.

Ranar da aka ce tun farko za mu dawo, da sassafe sai ga babur ɗin Baba. Ba zan manta Inna a ranar ba. An yi mata sabon kitso irin nasu, ta rungumo ƙwaryar nono da kwalbar man shanu, tana dariya har da ƙyaƙyatawa, irin dariyar da ban san tana da ita ba. Gwaggo na tsaye a zaure, mata sun cika bayanta.

"Wa ya rasu?" in ji ta.

"Ba wanda ya rasu, Yaya."

"To haihuwa aka yi?"

"A'a. Hutawa na kai ta."

Nan Baba ya yi kuskuren da ya ja mata komai. A wurinmu matar aure ba ta barin gari sai da dalilin da za a iya faɗa a zaure: biki, suna, ta'aziyya, dubiya. Ko babu, ƙirƙirowa ake yi, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Da cewa ya yi yayarta ba ta jin daɗi, da har sannu za a yi mata. Shi kuwa mutum ne da bai iya lanƙwasa magana ba. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Hutawa! Turawa muka samu a dangi ashe. Dawa na gona tsuntsaye na ci, 'ya na titi, uwar gida na shan iska!" Ina kallo dariyar Inna ta ɗauke. Ta ajiye ƙwaryar, ta ɗaura zanin aiki, ta shiga madafa ko ruwa ba ta sha ba.

Shi Baba ba wanda ya ce masa uffan, a majalisa ma tsokanarsa aka yi aka wuce. Ita ce ta sha. A rijiya, a gidan biki, sai ka ji an ce "ga matar Bature nan", wasu har suka daina aiko yara sayen furarta na ɗan lokaci. Na sha buɗe baki in ce ƙarya ne, ta bar makulli, kuma ranar da ya kamata ta dawo ta dawo, sai a ce in rufe wa mutane baki, yarinya ce ni. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: da hawayena aka yi mata bulala, ba a ko tambaye ni dalilin kukan ba. Daga baya Baba ya sake yi mata tayin zuwa, ba sau ɗaya ba, ta ce a'a, ita ba za ta ƙara jawo wa kanta magana ba.

Yanzu ko ta ce e, ina za a je? Dajin da ta yi kiwo a cikinsa ba mai shiga don daɗi, hanyar sai da addu'a. Yayarta ta kwashe abin da ya rage na shanu ta yi ƙaura, rugar ta zama kufai. Shekarun da hanya take a buɗe, shekarun da babur kawai ake bukata, su aka cinye mata da gulma. Gwaggo Asabe ta tsufa, tana zaune tana ba da labarin tana dariya, Inna na zuba mata miya.

Ni dai na yanke shawara. Ina ɗinki yanzu, ina da abin hannuna daidai gwargwado, kuma na gano garin da yayar Inna ta koma, can wajen Zariya. Da an gama yankan dawa zan saka ta a mota mu tafi, ba za ta taɓa muciya ba sai ta gaji da zama. Duk mai son jin dalili kada ya tare ta a rijiya, ya zo shagona ya same ni.