Hon a Bayan Makarar Baffa

A Miri aka yanke mini cibiya, tun lokacin da in ka ce za ka Bauchi sai a yi maka addu'ar sauka lafiya. Gonakin dawa ne suka raba mu da birni, kuma ba wanda ya taɓa kuka da wannan rabuwar. Kakana da jaki yake kai gyaɗa kasuwa, ya dawo da gishiri da kanwa. Babana keke ya hau. Ni da na taso acaɓa ta shigo, ita ce kuwa ta tona mana asiri, mutanen birni suka gane ashe muna kusa.

Nan aka fara yanka gonaki filoti-filoti. Ma'aikatan da unguwar GRA ta fi ƙarfinsu suka zo suka tayar da katanga kamar ta gidan yari, har da fasassun kwalabe a kai. Kwana kawai suke yi a cikinmu. Da safe su fice, da yamma su dawo su ja ƙofar ƙarfe. Ba ka ganinsu a suna, ba ka ganinsu a zaman makoki.

Ɗaya daga cikinsu gonar Baffa ya saya, ƙanin babana. Yallaɓai muke ce wa baƙon, ba don girmamawa ba. Baffa ne kaɗai bai gaji da shi ba. Duk shekara in masara ta nuna sai ya kai masa ɗanya, shi kuwa ta tagar mota yake karɓa, ko injin ba ya kashewa.

Da damina Baffa ya rasu. Da hantsi muka ɗauko shi za mu maƙabarta, ta hanyar da a dā burtali ce mai faɗi, amma katangun baƙi sun matse ta ta koma lungu. Ina riƙe da makara ta baya sai na ji hon ɗin mota a bayanmu. Na ɗauka kuskure ne. Aka sake dannawa, wannan karon da tsawo. Liman ya ɗaga hannu. Yallaɓai ya sauke gilashi ya ce don Allah mu ɗan raɓe, yana da taro a ofis.

Yayana ya taka har bakin motar ya ce, "Mai gonar da kake kwana a cikinta ne muka ɗauko."

Yallaɓai ya ce Allah ya jiƙansa, idonsa na kan agogo. Ya ja da baya, ya ratsa ta gonar waken wata gwauruwa, ya kwantar da kunya biyu ya wuce. Har aka share makoki bai leƙo ba.

Ana tsakiyar marka ruwa ya cinye hanyar, motarsa ta kafe a taɓo daidai gindin ɗorawar da muke zama. Ya fito ya naɗe ƙafar wando ya yi mana sallama. Muka amsa, tunda amsawa wajibi ce. Ya ce mu taimaka mu tura.

Yayana ya gyara zama a kan benci ya ce, "Yallaɓai, mu ma taro muke yi."

Ba wanda ya motsa. Ya tsaya yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ina jin sunan da zai kira yake nema, bai kuwa san na kowa ba. Ƙarshe ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya taka zuwa titin Jos ya tari acaɓa.

Liman ya yi mana faɗa bayan la'asar. Wani ya ce ai rama cuta ga macuci ibada ne, Liman ya ce shi bai taɓa ganin wannan a littafi ba. Na saurare shi da ladabi, amma zuciyata ko gezau.

Kafin kaka Yallaɓai ya zuba 'yan haya a gidan ya koma birni. Wanda ke ciki yanzu ko fuskarsa ban sani ba, sai ƙarar janaretansa. Abin da ya rage mana 'yar gonar Inna ce a bayan gidanmu, katangu sun kewaye ta ta ko'ina. Dillalai suna yawan zuwa da murmushinsu. Na hana a shimfiɗa musu tabarma, a tsaye suke faɗin abin da ya kawo su.