Haruffa Takwas na Idon Inna

Ƙarar kwanon sha ce ta fara komai. Ina tankaɗe na ji ƙwal, na leƙa, sai ga surukata, Inna, tana laluben ƙasa, kwanon kuwa yana gaban ƙafarta. A ranar na gane yanar idonta ta rufe.

Likita a Kano ya ce a yi aiki kafin wata biyu, in ba haka ba a haƙura da idon. Ƙanin maigidana tela ne a Jidda, kuma tun da ya tafi, duk aikensa hannun alhazai yake biyowa, a ɗinke cikin ɗamara. Mu a Fassi ba mu san wata hanya ba. Ga shi aikin hajji saura wata biyar.

Ya kira a wayar maƙwabcinmu, ya ce zai turo ta banki, a ba shi lambar suwif. Ni kaɗai ce mai asusu a gidan, na ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa. Malam, maigidana, ya karanta masa lambar asusun har sau biyu, ƙanin ya ce ba ita ba ce, suwif lambar bankin ce da kansa.

"Ke da kika yi sakandare," in ji Malam, "je ki Rano, Allah Ya ba da sa'a."

Na yi nafila raka'a biyu, na zura hijabi, na shiga mota kujerar mata. Da na nemi lambar suwif, ma'aikacin bankin ya sake rubuto mini lambar asusuna.

"Hajiya, ai ita ke nan."

"Malam, wannan tawa ce, a gida ma ina da ita. Ta bankinku nake so, wadda bankin Jidda zai gane ku da ita."

Ya yi dariya. "Yau kuma Jidda a Rano?"

Ban tashi ba. Na zauna har azahar, sai da manaja ya buga waya Kano, aka ba shi lambar. Haruffa takwas ne: huɗu na banki, biyu na ƙasa, biyu na gari. Da hannuna na kwafa, na maimaita wa manajan, da na koma gida muka karanta wa ƙanin maigidana a waya.

Kwana shida saƙon ya iso. Aka yi aikin.

Ranar da aka cire bandejin ina murhu, ban iya shiga ɗakin ba don fargaba. Sai autata 'yar shekara biyar ta fito a guje.

"Umma, Umma! Inna ta gan ni! Wai ashe na fi ki kyau!"