Jitar Kawu a Gonar Shinkafa

Jiya na bi ta bakin kanal ɗin ban ruwa a Bunkure, sai na hango jitar marigayi Kawu rataye a sanda a tsakiyar shinkafa. Ɗansa Sale ne ya rataye ta, wai ta kori tsuntsaye.

Na ce, "Yaya Sale, jitar Kawu ce fa!"

Ya ce, "To, yau dai ta yi amfani."

Ji min shashasha! Tun ana haƙa kanal ɗin nan Kawu yake ɗora waƙar noma a kan jita, yana marin cikinta kamar ganga. In tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke yake ɗaura mata. Wata ranar kasuwar Kura, leburori na rawa, gumin Kawu na ɗiga a katakon jitar, ya dube ni ya ce, "Kiɗan da bai jiƙa riga ba, ƙarya ne."

Sale kuwa kunya yake ji a ce masa ɗan makaɗi, alhali kiɗan ne ya sayi gonar.

Tsuntsayen ma ba su gudu ba, a kan jitar suke sauka. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa shi da maƙwabta masu kunne.